Tsire da giya a Legas, tsire da shayi a Tsafe: Wa ke cin ribar nama da dawar Arewa?

A farkon shekarar 2025 ne ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya sanar da shigar da wasu kalmomin Najeriya guda 20 cikinsa, kuma "suya" na daga ciki. An yi ta murna a shafukan sada zumunta, musamman a Kudu, inda da wannan suna ake kiran abin da Bahaushe ya sani da tsire.

Murnar ta zo ne a lokacin da tsire ya samu sabon matsayi a manyan birane. A Legas da Abuja an buɗe wuraren shaƙatawa da ake gasa nama a fili, masu hannu da shuni na zaune suna ci suna korawa da wata sabuwar giya mai tsada, wadda ƙananan kamfanoni ke dafawa kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan kamfanoni a Najeriya ma sunan Hausa gare shi, wato Bature. A Abuja aka kafa shi a 2017, daga baya ya koma Legas.

Wanda ya duba abin da ke kan teburin irin wannan wuri zai ga Arewa ko ta ina. Saniyar daga Arewa aka loda ta, haka albasa da barkono da gyaɗar da aka yi ƙuli-ƙulin yaji. Zoɓon da ake sakawa a wasu daga cikin giyoyin don launi da tsami nan ake noma shi, kuma galibi mai tsayawa gaban garwashin ɗan Arewa ne.

A 'Yandoto kuwa, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, mai tsire ba ya kai dare kamar da. Tsohon gari ne na malamai, wanda tarihin baka ya ce daga cikinsa Muhammadu Korau, Sarkin Katsina Musulmi na farko, ya fito. Yau an fi jin sunansa a labaran garkuwa da mutane, kuma matafiyan da ke tsayawa sayen nama sauri suke yi su wuce kafin rana ta faɗi.

Giyar da ba baƙuwa ba ce

Abin da Turawa ke nufi da wannan giya shi ne wadda ƙaramin kamfani mai zaman kansa ya dafa da salon kansa, saɓanin ta manyan masana'antu da ke fitar da miliyoyin kwalabe masu ɗanɗano iri ɗaya. A Amurka kaɗai akwai irin waɗannan ƙananan kamfanoni sama da 9,000, kuma can ne aka yayata al'adar haɗa ta da gashin nama a bayan gida.

In dai dahuwar hannu ce, ƙasar Hausa ta riga su. Burkutu ke nan: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar ta ta yi tsami. Mata ne ke wannan sana'a, kuma a wajen Maguzawa, irin waɗanda suka daɗe a gindin duwatsun Kwatarkwashi ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, giyar dawa na cikin biki da gayya da tsafi. Yaɗuwar Musulunci ce ta yi ta matse ta zuwa ƙauyukan Maguzawa da unguwannin baƙi. Turawan mulkin mallaka ma sun hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Musulmi na Arewa, suka bar ƙofa a buɗe ga Turawa da mazauna Sabon Gari.

Zamfara ce ta rufe ƙofar a dokance. A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka soke lasisin sayar da giya, aka sa bulala 80 ga Musulmin da aka kama ya sha. Jihohi 11 suka bi sahu. Abin da ya rage na wannan ciniki ya koma ɓoye, ko ya fake a kasuwannin barikin soja.

Babu wani ɗan siyasa a Zamfara da ke neman a sauya wannan doka, kuma mafi yawan jama'ar jihar na goyon bayanta. Don haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin dubawa shi ne yadda jihar da ta haramta kwalbar take ci gaba da samar da abin da ke cikinta da abin da ake ci da ita, a farashin ɗanyen kaya, wasu kuma na kwashe ribar sarrafawa.

Inda dawar ke zuwa

A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi kamfanonin giya suka dogara. Dole ta sa suka koma ga dawa da masara. An ɗage haramcin daga baya, amma kamfanonin ba su saki dawa ba, domin duk lokacin da dala ta yi tsada ita ce mafita. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna tun 1963, yana da wuraren tsirar da dawa a Aba da Kaduna.

Najeriya na noma sama da tan miliyan shida na dawa a shekara, tana sahun gaba a duniya, kuma Zamfara na cikin jihohin da aka sani da ita. Manomin Keta ko Bilbis ko Kwaren Ganuwa ba ya sayar wa kamfani kai-tsaye. Dillali yake miƙa wa buhu a kasuwa, dillali ya tara wa babban ɗan kasuwa, a loda tirela zuwa Funtuwa ko Dawanau, daga nan kowa ya sayi rabonsa: masu tuwo, masu abincin kaji, masu lemon malt, masu giya. Babu tambari a jikin ƙwayar dawa da zai nuna inda za ta ƙare.

(Lemon malt ɗin da ake rabawa a walimar aure da sunan yara a Gusau ma, irin su Maltina da ta fito tun 1976, akasarinsa kamfanonin giya ne ke yin sa. Mutane da yawa sun san haka, an dai zaɓi a kau da kai.)

Kafin buhun nan ya iso kasuwa, manomin ya riga ya biya harajin da babu shi a kundin kowace gwamnati. A sassa da dama na Tsafe da Bunguɗu da kudancin Gusau, 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka, su sake ɗorawa kafin a yi girbi, wani lokaci su tilasta wa mutane yi musu noma a gonakin da suka ƙwace. Wannan kuɗi ba ya ƙara wa buhun daraja a idon mai saye. Daga aljihun manomi kawai yake fita.

Rigimar harajin VAT

Duk lokacin da Hisbah ta fasa kwalabe, gardama ɗaya ce ke tashi. A Kano an lalata kusan kwalba miliyan biyu a Nuwambar 2020, sannan sama da miliyan uku da dubu 800 a Fabrairun 2022. Masu suka daga Kudu sukan ce: kun fasa giya, amma ƙarshen wata kuna Abuja kuna karɓar rabonku na harajin da aka tara daga cinikinta. Maganar ta yi zafi a 2021, bayan Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta yanke hukuncin cewa jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a cikinta, lokacin Nyesom Wike na gwamna.

Akwai ƙamshin gaskiya a sukar. Kuɗin VAT tukunya ɗaya ake zuba su, haka harajin da Kwastam ke karɓa daga masana'antun giya da taba, kuma ba a ware wa Zamfara wani cokali na daban da bai taɓa giya ba. Malamai da 'yan siyasar Arewa ba su cika son a daɗe kan wannan batu ba.

Sai dai akwai rabin lissafin da masu sukar ke tsallakewa. Dokar VAT ta yafe wa kayan abinci na yau da kullum, irin su hatsi da ɗanyen nama da kayan miya. Buhun dawar da ya bar kasuwar Tsafe bai haifar da ko kwabo na VAT da sunan Zamfara ba, haka bijimin da aka loda a kara. Sai dawar ta zama kwalba, naman ya hau faranti a gidan abinci mai rajista, sannan kashi 7.5 cikin ɗari ya hau kansu, a rubuta shi da sunan inda aka yi cinikin ko inda hedikwatar kamfanin take. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, sun ƙara wa jihohi kaso daga 50 zuwa 55 cikin ɗari na VAT. A cikin wannan kaso, rabi za a raba daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 kuma bisa inda aka yi amfani da kayan. Gwamnonin Arewa sun yi nasarar daƙile tsarin farko da ya so ba wa wurin samo harajin kashi 60. Amma kason yawan jama'a ya sauka daga 30 zuwa 20, kuma alƙiblar a bayyane take: jihar da cinikinta ke da rasiɗi ita za ta riƙa ɗaukar kaso mai tsoka. Cinikin mai tsire da mai shayi da mai fura ba shi da rasiɗi.

Lissafin mai tukuba

Sana'ar tsire sana'ar dare ce. Da hantsi mai tsire ke zuwa kwata ya karɓi cinya ko kafaɗa daga mahauci, sau da yawa bashi, a biya gobe. Ya fere naman falle-falle, ya soke a tsinke, ya birkita a garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono da gishiri, ya yayyafa man gyaɗa, ya jera kewaye da wuta bayan la'asar. Cinikin gaske daga magariba ne zuwa tsakar dare, lokacin da direbobi ke tsayawa, majalisu ke cika, magidanta ke neman abin riƙewa su shiga gida. Kusa da shi akwai mai shayi, akwai mai burodi, akwai yarinya mai sayar da zoɓo da kunun aya a robobi. Wutar mutum ɗaya ce ke tara musu kasuwa.

Idan aka yanke wa wannan sana'a awa huɗu na dare, an yanke mata riba gaba ɗaya, domin naman da ya kwana sai dai a ɗumama a karyar da shi. Abin da ya faru ke nan a garuruwan bakin titi irin su Wanzamai da Kucheri da Magazu da 'Yandoto da Kwatarkwashi, inda tare hanya ya sa direbobi da yawa suka daina tafiyar dare.

A ƙarshen watan Agusta da farkon Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi zuwa ciki ko wajen jihar, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya. Manufar ita ce a toshe wa ɓarayin daji hanyar sayar da shanun sata da sayen mai da abinci. Mahauta da dillalai da masu tsire ne suka fara jin jiki, wasu suka karya jari ba su sake tashi ba. Da aka buɗe kasuwannin, ɓarayin na nan inda aka bar su.

Maganar shanun sata ita ce wadda ba a son yi da ƙarfi a rumfar mahauta. Dabbar da aka kora daga rugar wani ko daga turken manomi dole ta bi ta hannun wani ta shiga kasuwa, kuma arharta ce ke jan mai ƙaramin jari. Sarkin Pawa da Sarkin Zango, waɗanda a tsarin gargajiya su ne shaidar asalin dabba, ba su da ƙarfin da za su ja da mai bindiga. Mahaucin da ya ƙi sayen na sata yana gasa da wanda ya saya a rabin kuɗi.

Yadda al'amura suka dagule a wannan yanki ya fito fili a watan Yulin 2022, lokacin da Sarkin 'Yandoton Daji, Aliyu Marafa, ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, alhali 'yan sandan Katsina na nemansa ruwa a jallo tun 2020. Masarautar ta ce don neman zaman lafiya ta yi, domin mutane su samu su je gona da kasuwa. Gwamnati ta dakatar da sarkin, daga baya ta mayar da shi. Gwamna Dauda Lawal ya zo da akasin haka, ya ce babu sulhu, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Ga kuma tsadar da ta shafi kowa. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin ɗauko dabba, tsadar gas ta tura gidajen birni ga gawayi har buhunsa ya yi tashin gwauron zabo, dazuzzukan da ake yin gawayin kuma a hannun 'yan bindiga suke. A Mayun 2025 Jamhuriyar Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin Babbar Sallah, kasuwannin kan iyaka suka ji a jika. Tsinken naira hamsin ya zama labari, kuma mai tsire ba ya iya ƙara kuɗi yadda yake so, don haka sai ya rage yankan.

Shi ya sa matasan rundawa ke tafiya. Yaron da ya iya fiɗa da gashi a Tsafe ya san cewa hannunsa ya fi daraja a Abuja ko Legas ko Fatakwal, ko da kuwa tukubarsa a ƙofar mashaya za ta kasance. Da yawansu ba sa taɓa abin da abokan cinikinsu ke sha, in lokacin sallah ya yi su shimfiɗa buhu su yi a gefe. Kuɗin da suke turowa gida ne ke riƙe da iyalai da dama, har da biyan kuɗin fansa.

Saniya a tsaye, kilishi a takarda

Har yau a raye ake kai shanu Kudu, a cunkushe cikin tirela, tafiyar wajen kilomita 1,000, ana biyan kuɗi a shingaye barkatai, dabba na ramewa, wata ta mutu a hanya. Fata da ƙashi da ƙaho da jini da kayan ciki, duk sana'o'in da ke rataye da yanka, can suke sauka tare da ita.

An taɓa gwada gyara. A Satumbar 2016 jirgin ƙasa ya ɗauki shanu 500 daga Gusau zuwa Legas, a wani shiri da hukumar NIRSAL ta tallafa, kan layin dogon da ya ratsa Gusau zuwa Ƙauran Namoda tun ƙarshen shekarun 1920. An yi biki, an ɗauki hotuna, shirin bai ɗore ba. Shi ma ɗin dabba a raye yake kaiwa, bai taɓa batun yanka a gida ba.

Yajin aikin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta yi a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ya koya wa ɓangarorin biyu darasi cikin mako guda. Nama da tumatir sun yi tsada a Legas, a Arewa kuma tumatir da albasa suka yi kwantai suna ruɓewa, domin babu wurin ajiya ko sarrafawa. Wanda ke da ɗanyen kaya kaɗai ba ya iya dogon yaji.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, ta kuma ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2.5 da kamfanin nama na JBS na ƙasar Brazil don gina masana'antu shida. Mai zuba irin wannan jari wuta da ruwa da hanya mai aminci yake nema, kuma a nan Zamfara ke baya.

Maƙwabta sun ɗauki wata hanya mai arha. Nijar ta yi wa kilishinta rajistar asali a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka, wato OAPI, tare da albasar Galmi, ta yadda sunan ya zama dukiyar masu sana'ar ƙasar. A wannan ɓangare na iyaka, kilishin da aka shanya a kan karan dawa, aka tsoma a labu, aka gasa da gwaninta irin ta gado, a tsohuwar takarda ake naɗe shi, babu sunan mai yi, babu ranar yi. Wani ne a Abuja zai zuba shi a leda mai tambari, ya samo lambar NAFDAC, ya kai manyan kantuna da filin jirgi.

Abin sha ma haka. Ƙananan kamfanonin giya ba giya kaɗai suke sayarwa ba, suna sayar da labarin kayan gida ne a kwalba mai kyau, ga mai sayen da ya gaji da ɗanɗanon babban kamfani. Arewa na da irin wannan haja ta halal jibge: zoɓo da citta da kanumfari, kunun aya, kunun zaƙi, lamurje, tsamiya, fura da nono. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta busasshe ake fitar da shi zuwa Meziko, can a mayar da shi abin sha. Ayar da ake nomawa a Nijar da Mali da Burkina Faso na tafiya Sifaniya, inda yankin Balensiya ya yi suna da wani abin sha da ba shi da maraba da kunun aya.

A Tsafe kuwa, matar da ke dama kunun aya ta san cewa in ba ƙanƙara, wanda ta yi da safe ba ya kai dare bai yi tsami ba. Ƙanƙarar sai an saya daga mai janareta ko sola, kuɗinta na cinye ribar robobi da dama. Don haka kaɗan take damawa, daidai wanda 'yarta za ta sayar a gefen mai tsire kafin ya kashe wuta.